Ciyar da masu kwana a titi ranar 1 ga Oktoba a Kaduna: tambayoyi da amsoshi

Duk shekara idan watan Satumba ya raba, tambayoyi sukan yi mana yawa game da fitar da mu matasa 'yan sa-kai muke yi don ciyar da masu kwana a titi ranar bikin samun 'yancin kai. Akwai masu son shiga, akwai iyayen da ke son sanin inda 'ya'yansu za su je, akwai kuma masu niyyar ba da gudummawa da ke tsoron kada kuɗinsu ya bi ruwa. Mun tattara waɗanda aka fi maimaitawa, har da waɗanda aka yi mana cikin gatse. Mai son shirya irin wannan a unguwarsu zai iya ɗaukar abin da ya yi masa.

Me ya sa sai ranar hutu? Sauran ranakun ba sa jin yunwa ne?

Suna ji. Amma hutun gwamnati yana da tasa matsalar. Wanda ke kwana a gefen tasha ko a barandar shago, abincinsa yana hannun zirga-zirgar jama'a ne: ya ɗauki kaya, ya wanke mota, ya ɗebo wa mai abinci ruwa ta zuba masa ƙanzo da miya. Ranar 1 ga Oktoba ofisoshi da bankuna da makarantu duk a rufe suke. Yawancin matan da ke sayar da abinci a bakin ma'aikatu da bankunan titin Yakubu Gowon ba sa ɗora tukunya, don masu saye suna gida. Kasuwa takan ci, amma ba kamar kullum ba.

Ranar Sallah ko Kirsimeti abinci yawo yake yi gida-gida, da wuya mutum ya wuni bai samu lomar tuwo ko tsokar nama ba. 1 ga Oktoba da 12 ga Yuni, ranar dimokuraɗiyya, kuwa babu wanda ke girkin rabo dominsu. Hutu ne ga mai albashi, ga mai neman na yau kuma rana ce da ta tafi a banza. Dalili na biyu namu ne: ranar ce ɗalibai da 'yan bautar ƙasa da ƙananan ma'aikata ke samun sarari a lokaci guda.

Su wane ne marasa matsuguni a Kaduna? Ai a ƙasar Hausa ba a rasa wurin kwana.

A da kusan haka ne. Baƙo ya iso gari da dare, ya yi sallama a zauren mai unguwa ko na wani malami, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa tuwo. Gidajen da ake ginawa yanzu a Kaduna get ne da katanga, babu zaure. Masallatai da yawa ana rufe su bayan isha'i saboda tsaro da ɓarayin takalma da na'urar magana. Wurin da al'ada ta tanadar wa baƙo ya ragu, baƙin kuma sun ƙaru.

Wanda ya zagaya da asuba zai ga mutane iri-iri. Akwai 'yan ci-rani masu dako da tura baro da ga-ruwa, waɗanda ke kwana a rumfunan da ke kewaye da babbar kasuwa ta Sheikh Abubakar Gumi don kada kuɗin haya ya cinye abin da za su aika gida. Akwai iyalan da 'yan bindiga suka tayar daga ƙauyukan Birnin Gwari, Giwa, Igabi, Chikun da Kajuru, suka rakuɓe a kangaye a gefen gari, wani kangon ko ƙyaure babu. Akwai waɗanda kogin Kaduna ke kora duk damina daga gidajen da ke bakinsa. Akwai magidancin da kuɗin hayar shekara ya gagara, ya raba matarsa da 'ya'yansa gidajen dangi, shi kuma yana kwana a shagon aboki. Irinsa da safe zai sa kaya masu tsafta ya fita, ba za ka taɓa ganewa ba. A wajen Kakuri har yanzu akwai dattawan da rayuwarsu ba ta sake daidaituwa ba tun da masaƙu suka durƙushe. Masaƙar KTL, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, wasu kuma suka biyo bayanta. Sai masu taɓin hankali, da samarin da shaye-shaye ya raba da gida, da matan da aure ya mutu ba su da inda za su koma, da matafiyan da guzuri ya yanke musu a tashar Kawo ko Mando ko garejin Television.

Mun jero su ne don buƙatarsu ba ɗaya ba ce. Wanda aka sace wa kuɗin mota, abin da yake so shi ne ya ga kansa a cikin motar garinsu. Idan ka miƙa masa bargo ba ka yi masa komai ba.

Almajirai suna cikin lissafinku?

Duk yaron da ya zo da yunwa za a ba shi abinci, ba a tambayar takarda. Amma almajiri yana da malami, yana da makaranta, yana da iyaye a wani gari, don haka hanyar taimaka masa daban ce. Idan za mu kai wa almajirai abinci, makarantar muke zuwa, mu gaida malam, a raba a gabansa. Ba ma kiran yara su biyo mu titi. Batun nasu ya fi ƙarfin fitar rana guda: a 2020, lokacin korona, gwamnonin Arewa sun yi ta mayar da almajirai jihohinsu, a 2023 kuma gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Yaron da muka tarar yana kwana shi kaɗai a tasha, ba malami ba kowa, shi ne ke ɗaga mana hankali. Ba ma ɗaukarsa mu tafi da shi ko'ina. Mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa da jami'an walwalar jama'a muke sanarwa.

Ba an hana bara a jihar Kaduna ba? Ba za a kama mu ba?

An hana. A watan Yulin 2015, bayan bam ɗin da ya tashi a sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari a Zariya, gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta haramta bara da talla a tituna, daga baya majalisar dokokin jiha ta mayar da haramcin doka. Shi ya sa ba ma tsayawa a danja ko shataletale mu buɗe but ɗin mota, don hakan tara mutane ne a daidai inda doka ta ce kada su tsaya. Muna zuwa inda mutum yake kwana ne.

Tun ana saura mako biyu ake kai takarda ga DPO na yankin da mai unguwa. Idan kasuwa ce a sanar da shugabannin kasuwa, idan tasha ce a sanar da shugabannin ƙungiyar direbobi. Inda akwai sarkin makafi ko sarkin guragu, shi ake fara gaisarwa. Waɗannan sun san mutanensu da suna, sun san wanda ke kwance ba lafiya, sun kuma san wanda zai karɓa sau uku idan ba a lura ba.

Ƙarfe nawa ake fita, kuma ina ake zuwa?

Da rana tsaka ba za ka samu kowa a makwancinsa ba, kowa ya bazama nema. Saboda haka fita biyu ce. Ta farko bayan sallar asuba zuwa hantsi, da kunu da ƙosai ko shayi da burodi. Ta biyu bayan la'asar, da abinci mai nauyi, a gama kafin magariba. Ba ma wuce magariba a waje.

Ana rabuwa rukuni-rukuni, mutum biyar zuwa bakwai, kowane rukuni da yankinsa: Kawo da Mando, cikin gari da kewayen babbar kasuwa, Tudun Wada da Kasuwar Barci, Rigasa, sai ƙetaren gada, wato Kakuri, Barnawa da Sabon Tasha. Kowane rukuni yana da ɗan unguwar da ya san lungunan. Takamaiman wurin da mutane ke kwana ba ma wallafa shi, don gudun masu zuwa su kore su ko su cuce su.

Me zai hana ku tara su a fili guda, kamar Dandalin Murtala, a raba a gama?

Wannan ita ce shawarar da aka fi kawo mana, kuma ita ce ba za mu taɓa ɗauka ba. A watan Disambar 2024, cikin kwanaki kaɗan, an yi turmutsutsu a wurare uku da aka shirya don taimako: a Ibadan, inda yara 35 suka rasu, a Okija ta jihar Anambra, da a wani coci a Maitama ta Abuja. Waɗanda suka shirya tarukan alheri suka nufa. Abin da ya faru shi ne labari ya bazu, jama'a suka ninka abin da aka tanada, ƙofa kuma ɗaya. Tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kalmar "ana rabo" kaɗai ta isa ta tara ɗaruruwa cikin minti goma.

Ban da haɗari, taron fili yana cutar da waɗanda aka fito dominsu. Majiya ƙarfi ne ke shiga gaba. Makaho da gurgu da tsohuwa da mai goyo su ne ke komawa hannu rabbana. Wanda kunya ta hana shi bara kuwa ba zai ma zo ba.

Don haka kafin ranar ake zagayawa, a gaisa da mutane, a ƙirga su, a tambayi abin da suke buƙata. Ranar rabo kowane rukuni ya san adadin da zai ɗauka, da ɗan ƙari. Mota ko Keke Napep ɗin kaya takan tsaya nesa kaɗan, a riƙa ɗauko abinci a hannu kaɗan-kaɗan. Idan aka ga mutane sun fara taruwa fiye da ƙima, a rufe mota a bar wurin, a dawo daga baya. Wannan umarni ne, ba a tsayawa muhawara a kansa.

Wane abinci ake dafawa?

Dafa-duka, ko shinkafa da wake da mai da yaji, da ƙwai ko ɗan kifi, da ruwan leda biyu. Ana rage yaji saboda masu gyambon ciki. Ga tsofaffin da haƙora suka zube akan yi alala ko fate. Ba a sa salak da kabeji mai mayonis, zafi yana lalata su da wuri. Shinkafar da aka rufe a roba da zafinta ma ba ta son jira, shi ya sa ake so ta isa hannun mai ci cikin awa uku zuwa huɗu da saukewa. Wanda ke kwana a titi ba shi da banɗaki, ba shi da kuɗin asibiti, ɓacin ciki a wurinsa babbar masifa ce. Abin da ya kwana ba ya fita, ko da ya yi kyau a ido.

Ban da abinci, me zan iya kawowa?

Sabulun wanka da na wanki, silifas, tabarma, gidan sauro, man shafawa, audugar mata, da babbar leda mai kauri. A farkon Oktoba damina ba ta gama tafiya ba a Kaduna, sauro yana kan ganiyarsa, kuma wanda ruwa ya jiƙa wa shimfiɗa a tsaye yake kwana. Bargo da rigar sanyi ma muna karɓa, amma mukan adana su zuwa Nuwamba idan hunturu ya kawo kai. Idan aka ba mutum bargo tun yanzu, ko ruwa ya lalata shi ko a sace kafin sanyi ya zo.

Tufafi a wanke su, a ninke, a ware na maza da na mata da na yara. Kayan da kai ba za ka iya ba ƙaninka ba, kada ka kawo. Kowace shekara sai an samu mai aiko da takalmi ƙafa ɗaya ko rigar biki mai duwatsu, mu kuma mu rasa yadda za mu yi da su.

Magani ba ma karɓa, ba ma rabawa.

Ana ba da kuɗi a hannu?

A'a, sai a wuri ɗaya: kuɗin motar wanda ya maƙale. Shi ma ba a hannunsa ake sawa ba. A raka shi tasha, a biya a wurin masu lodi, a kira wani nasa a waya a shaida masa yana hanya. Kuɗi a fili yana jawo rigima, yana kuma sa a bi mai rauni a ƙwace bayan mun juya baya.

Zan iya ɗaukar hoto ko bidiyo in sa a TikTok? Ai zai jawo masu taimako.

Za ka iya ɗaukar tukwane, da masu girki, da kaya a mota, da 'yan rukuninku. Fuskar mai karɓa ba a ɗauka. Wasu sukan ce ai sun nemi izini ya kuma yarda. Mutumin da ke jin yunwa, ga abinci a hannunka na dama, ga waya a na hagu, yaya za a yi ya ce a'a? Da yawa daga cikinsu danginsu a ƙauye sun ɗauka suna da aiki da ɗaki a Kaduna. Akwai matar da ta gudo daga mijin da ke dukanta. Bidiyon minti ɗaya zai iya tona asirin da mutum ya shekara yana rufewa, kuma abin da ya hau intanet ba ya saukowa.

Musulmin cikinmu sun san ayar Suratul Baƙara da ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa. Kiristocinmu sun san inda Linjilar Matiyu ta ce kada hannun hagu ya san abin da na dama ke yi. Masu ba da gudummawa kuwa rasit da lissafi muke nuna musu, kuma wanda ya ce sai ya ga fuskar talaka zai saki kuɗinsa, mun yafe.

Yaya ake tunkarar mutum?

Da sallama, kamar yadda za ka shiga gidan kowa, don wannan kwalin da ya shimfiɗa nan ne ɗakinsa. Ka rage tsawo, ka gaisa: "Baba, an wuni lafiya?" ko "Mama, sannu da hutawa." Ka faɗi sunanka, ka tambayi nasa. Mai barci ba a tashinsa, a ajiye masa a gefe ko a bar wa maƙwabcinsa. Makaho ka yi masa magana kafin ka taɓa shi, ka faɗa masa abin da ke cikin robar. Wanda ya ce ba ya so, a yi masa sai an jima. Kada a fara da "me ya kawo ka nan?" Idan ya ga dama zai faɗa da kansa, galibi a zuwa na biyu ko na uku.

Idan muka tarar da marar lafiya ko mai taɓin hankali fa?

Kowane rukuni muna ƙoƙarin sa ma'aikacin jinya ko ɗalibin aikin lafiya da ya yi nisa, da safar hannu da bandeji. Aikinsa wanke ƙaramin rauni da gane abin da ya fi ƙarfinmu. Wanda ke cikin mawuyacin hali a nufi asibitin gwamnati mafi kusa da shi: Barau Dikko a cikin gari, Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, Gwamna Awan a Kakuri. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Mai taɓin hankali ba a kewaye shi, ba a yi masa dariya, ba a kama shi da ƙarfi a ce za a yi masa aski ko wanka. Mutum ɗaya ko biyu su matsa a hankali, su ajiye abinci inda zai gani, su ja baya. Maƙwabtan wurin, musamman mai shayi, sukan san halinsa da garinsu. Idan aka samu danginsa, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa muke nuna musu. Ba ma kai kowa gidan mari. Mutanen Kaduna ba su manta da watan Satumbar 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta amince cewa mai wannan lalura yana da haƙƙi kamar kowane majinyaci.

'Yata tana son zuwa. Hankalina zai kwanta?

Wanda bai kai shekara 18 ba aikinsa a wurin girki da ƙulla kaya yake, ba ya fita titi. 'Yan mata manya suna fita, kuma muna buƙatarsu ƙwarai, don ciwon 'ya mace na 'ya mace ne: matar da ke kwana a kango ba za ta gaya wa saurayi cewa tana da ciki ko tana buƙatar auduga ba. Ba mai tafiya ita kaɗai, ba mai shiga kango sai da ɗan unguwa, kuma shugaban rukuni yana riƙe da lambar wayar iyayen kowa.

Aikin Musulmi ne ko na Kirista? Akwai hannun 'yan siyasa?

Na 'yan Kaduna ne. Garin da rikicin 2000 da na 2002 suka raba, har aka wayi gari kogi ya zama kamar iyaka tsakanin masu sallah da masu zuwa coci, ba ya buƙatar wani sabon abin da zai ƙara raba shi. Da gangan muke cakuɗa rukunai, ɗan Rigasa ya je Sabon Tasha, 'yar Barnawa ta je Tudun Wada. Ba a wa'azi a wurin rabo, ba a tambayar addinin mai karɓa. Ɗan siyasa zai iya ba da buhun shinkafa kamar kowa, amma ba za a manna hotonsa a roba ba, ba kuma za a sa hular jam'iyya ba.

Ta yaya zan tabbata kuɗina ya isa inda na nufa?

Ka tambaya, haƙƙinka ne. Kowace ƙungiya ce, ba mu kaɗai ba, ka duba ko asusun da aka ba ka na mutum ɗaya ne ko kuwa sai mutum biyu ko uku sun sa hannu kafin kuɗi ya fita. Ka nemi lissafin bara. Ƙungiyar da ta girma ya kamata ta yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ta buɗe asusu da sunanta. Mu mukan fitar da abin da ya shigo da abin da aka kashe cikin mako guda bayan fita, har kuɗin gawayi da na Keke. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da tura kuɗi ba ya sayo shinkafa ko mai ko sabulu ya kawo da kansa.

Gaskiya, abincin rana ɗaya me zai canja?

A kan matsalar gidaje, ba komai. Robar dafa-duka ba ta biyan haya, ba ta mayar da mutanen Birnin Gwari gonakinsu. Wannan aikin hukuma ne, kuma bai kamata fitarmu ta sa a ɗauke ido daga kanta ba. Masu sukar da ke cewa wasu matasa suna yi ne don a gani, su ma ba ƙarya suka yi ba.

Amfanin abincin shi ne yana ba mu dalilin zama kusa da mutum mu ji matsalarsa. Kowane rukuni yana da littafi, kuma da yardar mai magana ake rubutawa: wannan yana son komawa gida, wannan ƙafarsa ta kumbura, wannan ya iya ɗinki amma an sace kekensa, wannan 'ya'yanta uku ba sa zuwa makaranta alhali firamaren gwamnati tana bayan kangon da suke. Bayan biki sai a raba sunayen, kowane ɗan sa-kai ya ɗauki mutum ɗaya ya bi lamarinsa har wata uku. Wani a haɗa shi da mai garejin da ke neman yaro, wata a raka ta awon ciki, iyalan da ambaliya ko hari ya tayar a kai sunayensu hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha. Wasu lamuran suna warwarewa, da yawa ba sa warwarewa, wani ma ka koma ka tarar ya tashi. Wanda zai shigo ya shigo da sanin haka. Kuma abu ɗaya muke roƙo: kada ka yi alkawarin da ba ka da ikon cikawa. "Zan dawo ranar Asabar" magana ce da ake riƙewa, har a ƙi fita nema ana jiranka.

Idan aka tashi da ruwa ranar fa?

Ana fita. Ranar ruwa ce ma aka fi samun mutane a wuri ɗaya, a ƙarƙashin gada da barandun shaguna. Ka zo da lema da takalmin roba, ka bar babbar waya da agogo a gida. Masu girki suna haɗuwa tun daren 30 ga Satumba don gyaran wake da yankan albasa, kuma a nan ne kullum hannu ke yin kaɗan.